Bitar kwana uku: sharhi kan yadda ake horar da sababbin ma'aikatan lafiya a kan ciwon suga

Da na je gida Sanyinna hutun ƙaramar Sallah, ƙanwata ta ja ni gefe ta miƙo mini wata jaka. Ita ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce, ba ta daɗe da gama makaranta ba aka tura ta wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a ƙauyen da ke kusa da mu. A cikin jakar akwai takardun wata bita ta kwana uku da ta halarta a Sakkwato kan ciwon suga, da takardar shaida, da sakamakon jarrabawar ranar ƙarshe. Ta ci 18 cikin 20.

Sai ta ba ni labarin da ya hana ta barci. Wani dattijo manomi, mai shan maganin suga da yake saya a kemis, ya zo wurinta kafin azumi. Ta auna shi, ta ga sugan ya hau, ta faɗa masa abin da aka koya mata: ya bar fura, ya bar tuwon gero, ya rage ƙiba. Dattijon, wanda dama siriri ne kamar kara, ya ce mata, "To ɗiyata, in na bar hura mi za ni sha?" Duk da haka ya bi maganarta. A makon farko na azumi ya haɗiye ƙwayarsa da sahur a kan ɗan abincin da bai taka kara ya karya ba, ya fita aiki. Kafin la'asar aka kawo shi a kan babur, gumi ya jiƙe shi sharkaf, jiki na rawa, magana ba ta fita daidai. Allah Ya sa yana iya haɗiya, ta dama masa suga a ruwa, ya dawo hayyacinsa.

Ta ce, "Yaya, don Allah duba min takardun nan. A ina na yi kuskure?"

Na zauna na karanta su shafi-shafi. Amsar da na samu ita ce dalilin wannan rubutu: ba ta saɓa wa ko layi ɗaya ba. An koya mata auna ciwon da sunayen magungunansa, amma ba a koya mata yadda za ta koyar da mai ciwon ba. A ciwon suga kuwa, koyarwar ita ce rabin magani.

Abin da bitar ta yi daidai

Bari in fara da yabo, don akwai abin yabo. Ƙashin bayan takardun ya yi daidai da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, musamman ɗan littafin nan mai suna HEARTS-D da ta fitar a 2020 domin ƙananan asibitoci. Alƙaluman gane ciwon suna nan daidai: awon safe kafin a ci komai ya kai 7.0 mmol/L, ko awon kowane lokaci ya kai 11.1 mmol/L tare da alamomi irin su yawan fitsari, ƙishirwa da rama. Jerin magani ma daidai ne: a fara da metformin, in bai wadatar ba a ƙara gliclazide, in abin ya ci tura a koma allurar insulin. An kuma jaddada auna hawan jini, wanda abu ne mai kyau, domin shi da suga in sun haɗu su ne ke gaggauta lalata ƙoda da jawo shanyewar ɓarin jiki.

Dabarar horar da ma'aikatan matakin farko ita ma babu aibu a cikinta. Daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo tafiya ce ta kimanin kilomita 100, mutumin Kebbe kuwa tasa ta fi haka. Babu manomin da zai riƙa wannan zirga-zirga duk wata. Kuma ciwon yana ƙaruwa ne da sauyin rayuwa. Binciken da Dokta Anas Sabir da abokan aikinsa suka yi a jihar Sakkwato ya sami ciwon suga a ƙasa da kashi 1 cikin 100 na Fulanin karkara, amma a Fulanin da suka zauna birni ya kai kashi 4.6. Garuruwa irin namu suna tsakanin biyun ne, kuma kullum birni suke ƙara kamawa: babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, injin niƙa ya maye gurbin turmi, lemon kwalba ya shiga kowane biki. Saboda haka dole ne ma'aikaciyar ƙauye ta san ciwon nan. Tambayar ita ce, wane irin sani?

Lissafi ɗaya da ya kamata a fara bita da shi

A shekara akwai awa 8,760. A ce mai ciwon suga yana zuwa asibiti sau ɗaya a wata, ana ba shi minti goma. Awa biyu ke nan a shekara. Sauran awa 8,758 shi ne likitan kansa: shi zai zaɓi abin da zai ci, lokacin da zai sha magani, ko zai shiga gona ba takalmi, ko zai kai azumi. Wannan ne ya bambanta ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro, wanda za a ba ka maganin kwana uku ka warke. Makarantunmu na fasahar kiwon lafiya sun fi gogewa wajen rigakafi, awon ciki da cututtukan yara, wato ayyukan da ma'aikaci ke yi wa mutum da hannunsa. Ciwon suga aiki ne da mutum ke yi wa kansa, ma'aikaci malami ne kawai.

To a takardun da na karanta, shafukan da suka yi magana kan yadda ake zama da majiyyaci a fahimtar da shi ba su wuce biyu ba, su ma jerin umarni ne da Turanci. Ga wurare huɗu da na ga giɓin ya fi haɗari.

Na ɗaya: kwanon abinci

Hoton abincin da ke cikin takardun faranti ne na mutum ɗaya, an raba shi gida-gida, da ganyayen da ban taɓa gani a kasuwarmu ba. Mu kuwa a kwano ɗaya ake haɗuwa a ci, kuma ba maigida ke girki ba. In gidan mata biyu ne, yau wannan ce da girki, jibi waccan. Duk nasihar abinci da aka yi wa namiji shi kaɗai a ɗakin awo, ba tare da mai riƙe da muciya ta ji ba, ta tsaya a bakin ƙofar asibiti.

Da ma'aikaci ya rasa yadda zai mayar da hoton faranti zuwa abincin gida, sai ya koma ga hani: bar wannan, bar wancan, koma tuwon alkama. Maganar alkamar nan ta bazu a Najeriya kamar wutar daji, alhali garin alkama da aka niƙa ya yi laushi sitaci ne shi ma, jiki na mayar da shi suga kamar yadda yake yi wa sauran hatsi. An sa talaka ya bar geron rumbunsa ya sayi abin da ya fi tsada, ba tare da wata riba ta a-zo-a-gani ba. Haka masu barin suga su koma zuma, ita ma tana ɗaga sugan jini.

Abin da kimiyya ta nuna ya fi wannan sauƙi. Abubuwa uku ke sa abinci ya ɗaga suga da sauri: yawansa, laushinsa, da rashin abin da zai rage masa gudu a ciki. Shi ya sa koko ko kunu mai suga ke ɗaga awo nan take, domin ruwa-ruwa ne, ba ya daɗewa a ciki. Shi ya sa kuma malmala ɗaya da miya mai yawan ganye ta fi malmala uku da ɗan romo. Wake, gyaɗa, kwaɗon zogale ko na rama, miyar kuka da ta kuɓewa, nono marar suga, duk suna rage saurin shigar suga cikin jini, kuma duk muna da su. Da an koya wa ƙanwata haka, da ta ce wa dattijon, "Baba, ku sha furarku, amma a rage yawanta, a ƙara nono, kada a zuba suga." Wannan magana ce da mutum zai iya riƙewa shekara goma.

Batun rage ƙiba kuma, nasiha ce ga mai ƙiba kawai. Da yawa daga masu ciwon a karkara ramammu ne. A watan Afrilun 2025 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya, a taronta na Bangkok, ta amince da wani nau'i da ta kira na biyar, wanda ke da alaƙa da daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki tun ƙuruciya. Ko ba wannan nau'in ba ma, ce wa siririn manomi ya rage cin abinci alhali yana shan ƙwaya mai saukar da suga, tura shi rami ne.

Na biyu: azumi

Wannan ne ya fi ba ni mamaki. Bita a Sakkwato, mahalarta kusan duk Musulmi, majiyyatansu haka, amma babu shafi ko ɗaya a kan azumi. Ba don ilimin babu shi ba ne. Tun 2004 aka wallafa wani babban bincike mai suna EPIDIAR, wanda ya bi masu ciwon suga fiye da 12,000 a ƙasashe 13. Ya gano kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu suna azumtar aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar suga tana ninkawa kusan sau bakwai da rabi a cikin watan. Wato ko an hana ko ba a hana ba, mutane za su yi azumi. Aikin ma'aikaci shi ne ya shirya su.

Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya tare da ƙawancen likitoci masu nazarin suga da Ramadan sun fitar da cikakken jagora a 2016, suka sabunta shi a 2021. A ciki akwai abubuwan da za a iya koyarwa cikin awa guda. A ga majiyyaci makonni shida zuwa takwas kafin azumi, a tantance ko yana cikin waɗanda azumi ke da haɗari gare su. A sake tsara lokacin magani. A jinkirta sahur. A sanar da shi cewa awon suga da ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi. A kuma gaya masa iyakar da in ya kai dole ya sha ruwa: awo ya sauka ƙasa da 3.9 mmol/L, ko ya haura 16.6, ko ya ji rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri da ruɗewa. Sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya sananne ne, amma dattijo ya fi karɓar wannan magana daga bakin limami a kan bakin yarinyar da ya girme wa mahaifinta. Ban ga dalilin da zai hana a gayyaci malaman gari zaman ƙarshe na irin wannan bita ba.

Akwai kuma maganar ƙwayar da dattijon ke sha. Da ƙanwata ta duba kwalin, glibenclamide ce. Takardun bitar sun yi bayanin gliclazide, amma ba su ce komai ba kan tsohuwar 'yar'uwarta da ta cika shagunan kemis saboda araha. Glibenclamide tana daɗewa a jiki tana tilasta fitar insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan ba wa wanda ya haura shekara 60. Kuma wanda ta kayar, sugansa na iya sake faɗuwa bayan awoyi, don haka ba a sallamarsa da zarar ya farfaɗo. Bitar da ta koyar da maganin da ke littafi ta manta da wanda ke aljihun majiyyaci, ta bar babbar ƙofa a buɗe.

Na uku: lambobi iri biyu

Na'urorin awon suga da ke kasuwa iri biyu ne. Wasu suna nuna mmol/L, wasu mg/dL. Bambancinsu ninki 18 ne: 7.0 a wannan shi ne 126 a waccan, 3.9 shi ne 70. Takardun bitar da ma'auni ɗaya suka yi amfani, na'urar asibitin ƙanwata kuma ɗayan take nunawa. Ka ƙaddara sabon ma'aikaci ya haddace cewa 11 ya yi yawa, sai na'ura ta nuna masa 60. In bai san da bambancin ba zai ɗauka suga ya yi mugun hawa, alhali mutumin yana dab da suma ne saboda faɗuwarsa. Layi ɗaya ya isa ya toshe wannan.

A maimakon haka an kashe shafuka a kan gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Gwaji ne mai amfani, amma babu shi a asibitin ƙauye, kuma yana iya ba da sakamako na ƙarya ga mai ƙarancin jini ko mai sikila, abubuwan da ba baƙi ba ne a wurinmu.

Na huɗu: zafi da ƙafa

Takardun sun ce a ajiye insulin a firiji, suka wuce. Wane firiji? A 2021 masu bincike na Jami'ar Geneva da ƙungiyar likitoci ta MSF sun gwada insulin a irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda awon zafi ke kai-komo tsakanin 25 da 37. Sun samu kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu. Labari ne mai daɗi, sai dai bazarar Sakkwato tana haura 40. A nan randa ke shigowa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar ƙasa yana busar da zafi, kuma wannan dabara ce Mohammed Bah Abba na Jigawa ya inganta da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. An gwada irin tukwanen nan wajen ajiye insulin a ƙasashe masu zafi, sun kuma rage zafin sosai, musamman inda iska ke bushe kamar namu. Ilimin yana tsakar gidan kowa, bita ce ba ta ɗauko shi ba.

Ƙafa ma haka. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙaya ko ya ɗora ƙafa kusa da kaskon wuta da hunturu bai ji ba, ciwo ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Takardun sun ambaci wani siririn zaren roba da ake gwada ji da shi, wanda asibitin ba shi da shi. Amma akwai gwajin da likitoci a Ipswich ta Ingila suka wallafa a 2011, wanda yatsa kawai yake buƙata: majiyyaci ya rufe ido, a taɓa kan babban yatsa, na tsakiya da ƙaramin yatsa na kowace ƙafa a hankali. In ya kasa jin biyu cikin shida, ƙafarsa na cikin haɗari. Sannan mutanenmu suna wanke ƙafa sau biyar a rana. Wace dama ce ta fi alwala wajen koya wa mutum ya duba tafin ƙafarsa da faso da tsakanin yatsu, ya kuma tsane su?

Matsalar ba ta tsawon kwanaki ba ce kawai

Wani zai ce, to a mayar da bitar kwana biyar. Ban jin hakan zai warware. A 2018 Alexander Rowe da abokan aikinsa sun wallafa nazari a mujallar Lancet Global Health, inda suka tattara bincike fiye da 300 daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kan abin da ke gyara aikin ma'aikatan lafiya. Raba takardu kawai kusan bai canza komai ba. Horo shi kaɗai ya inganta aiki da kimanin maki 10 cikin 100. Horo haɗe da bibiya a wurin aiki ya kai kusan 18. Ma'ana, abin da ke faruwa bayan an watse daga ɗakin taro ya kai abin da aka yi a cikinsa muhimmanci. Ƙanwata tun da ta dawo babu wanda ya leƙo ya ga yadda take zama da majiyyaci, babu kuma lambar da za ta kira in ta rikice.

Jarrabawar ma ba ta auna abin da ya dace ba. Cin 18 cikin 20 yana nuna ta haddace alƙaluma. Bai nuna ko za ta iya bayyana faɗuwar suga da Hausar da tsohuwa za ta gane ba. Wani bincike da Dean Schillinger ya jagoranta a San Francisco ta Amurka a 2003 ya nuna likitoci ba safai suke tambayar majiyyaci ya maimaita abin da aka gaya masa ba, amma majiyyatan waɗanda ke yin hakan sun fi samun daidaiton suga. A wurinmu abin ya fi buƙata, domin kunya da girmamawa suna sa mutum ya ce "to" ko bai gane ba. Tambaya ɗaya ta isa: "Baba, in kun koma gida me za ku ce wa Inna game da maganin nan?"

Da ni za a tambaya

Ni ba likita ba ne, ɗalibin bincike ne, kuma na san masu shirya irin wannan bita suna aiki da kuɗi kaɗan da lokaci ƙanƙane. Amma gyaran da nake gani ba mai tsada ba ne. A yi rabin bitar da Hausa, mahalarta su riƙa gwada zama da majiyyaci a gaban juna. A shigo da kwano, ludayi da fura ɗakin taro a auna a gani. A ce kowa ya zo da na'urar asibitinsa da kwalayen magungunan da ake sayarwa a garinsa. A sa bitar wata biyu kafin Ramadan. A gayyaci masu ciwon da suka daɗe da shi su yi magana, don sun fi kowa sanin inda takalmin ke matsi. Bayan an watse, a haɗa kowane rukuni da ƙwararre guda da za su riƙa tuntuɓa ta WhatsApp, a kuma ziyarce su ko da sau ɗaya a wata uku.

Kafin in dawo makaranta, ni da ƙanwata mun zauna mun rubuta shafi ɗaya da Hausa: alamomin faɗuwar suga, cokali uku na suga a ruwa ga wanda yake iya haɗiya, kada a ɗura wa wanda ya suma komai a baki sai dai a garzaya da shi asibiti, da lissafin ninki 18. Ta manna shi a bangon ɗakin awo. Dattijon kuma an tura shi babban asibiti an sauya masa magani, ya koma shan furarsa daidai gwargwado. Ta ce ranar da ya dawo awo, da matarsa ya zo.

In kai ma'aikacin lafiya ne da ka taɓa halartar irin wannan bita, ina son jin abin da ka tarar da ka koma bakin aiki. In kuma kana da mai ciwon suga a gida, kada ya sauya magani ko ya daina sha saboda abin da ya karanta a nan, ya fara zuwa a duba shi tukuna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.